Tsayawa Iri-iri Ce: Kalmomin Turanci na Dakatawa da Ƙarewa a Ilimin Halittu

Duk malamin da ya taɓa duba takardun jarrabawar ilimin halittu ya san wani kuskure da ɗalibai ke maimaitawa kowace shekara. Za a tambayi ɗalibi abin da ke samun inzayim ɗin da ke cikin yawu idan aka tafasa shi, sai ya rubuta "the enzyme is killed", wato an kashe shi. Yaron ya ga gwajin da idonsa, ya kuma fahimce shi, amma maki ya kuɓuce masa, domin inzayim sinadarin furotin ne, ba shi da rai balle a kashe shi. Kalma guda ce ta kayar da shi.

Bahaushe ba ya rikita "ruwa ya tsagaita" da "ruwa ya ɗauke", ko kuwa "damina ta wuce". Kowanne tsayawa ne, amma kowanne da irin tasa. Haka Turancin kimiyya yake. Kafin ka zaɓi kalma, ya kai ɗalibi, yi wa kanka tambayoyi biyu: mene ne ainihin abin da ya tsaya, kuma zai iya dawowa ko kuwa ya tafi ke nan?

Tsayawar da ake dawowa

Kalma ta farko ita ce "dormant". Ƙwayar geron da ke cikin rumbu ba ta motsi, ba ta girma, amma tana da rai, tana numfashi a hankali ƙwarai. Da ta sami danshi da ɗumi da iska sai ta tsiro. A shekarar 2005 masana sun shuka wani ƙwallon dabino da aka tono a kangon Masada, kusa da Tekun Gishiri, wanda ya yi kusan shekara 2000 a ajiye, ya kuwa tsiro.

Dabbobi ma suna da irin wannan hutu. Idan tafki ya ƙafe da rani, gaiwa takan nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta rage numfashi, tana rayuwa da abin da ke jikinta har ruwa ya dawo. Daga nan ne Hausawa suka ce gaiwa jikinta take ci. Wannan barcin gudun zafi da fari shi ake kira "aestivation". Wanda wasu dabbobin ƙasashen sanyi ke yi lokacin hunturu kuwa sunansa "hibernation". Kada ka musanya su.

Sai "inhibit", wato hana abu gudana ba tare da an halaka shi ba. Sanyin firiji yana hana ƙwayoyin bakteriya hayayyafa da sauri, amma suna nan da ransu. Shi ya sa idan aka ɗauke wuta na tsawon yini, miyar da ke ciki takan lalace.

Tsayawar da ba dawowa

Mu koma ga inzayim. Ga gwajin da malami zai iya yi a kowace makaranta. A zuba ruwan sitaci a kwalaben gwaji uku. A sa yawu a ta farko, a ajiye ta cikin ƙanƙara. A sa yawu a ta biyu, a ajiye ta cikin ruwa mai ɗumin digiri 37, wato ɗumin jikin mutum. A ta uku a sa yawun da aka riga aka tafasa. Bayan ɗan lokaci a ɗebi kaɗan daga kowacce a ɗiga masa aidin. Ta biyu ce kaɗai ba za ta yi shuɗi mai duhu ba, domin an narkar da sitacinta. Daga nan a mayar da ta farko da ta uku cikin ruwan ɗumin. Ta farko za ta fara aiki, ta uku kuwa ko kusa.

Inzayim ɗin da ke cikin ƙanƙara "inactive" ne, ya dakata kawai. Wanda aka tafasa "denatured" ne: zafi ya ɓata siffarsa, kamar yadda farin ƙwai kan daskare idan aka dafa shi, ba ya kuma komawa ruwa. Wannan ita ce kalmar da mai duba jarrabawa yake nema.

"Die" ta shafi halitta guda. "Extinct" kuwa ta shafi jinsi baki ɗaya, idan na ƙarshensa ya mutu a duk faɗin duniya. Baƙar karkandar Afirka ta Yamma, wadda ragowarta suka zauna a arewacin Kamaru, an bayyana ƙarewarta a 2011. Raƙuman dawan yankin Kure a Jamhuriyar Nijar sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996, amma da aka kiyaye su sai suka haura 600. Jinsin da ke bakin ƙarewa "endangered" ake ce masa, kuma muddin akwai sauran masu haihuwa, akwai sauran dama.

Inda kalma ke shafar rai

A fagen kiwon lafiya kalmomi uku ne ake yawan cakuɗawa. "Control" shi ne rage cuta har ta zama ba ta addabi jama'a ba. "Eliminate" shi ne kawar da ita daga wata ƙasa ko wani yanki. "Eradicate" shi ne tumɓuke ta daga duniya gaba ɗaya. Cututtuka biyu kaɗai aka taɓa tumɓukewa: agana, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarewarta a 1980, da ciwon bushiya na shanu a 2011.

A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan-inna, bayan an ga ta ƙarshe a Jihar Borno a 2016. Amma ƙwayar tana nan a Pakistan da Afganistan. Haka kurkunu: an tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013, alhali ana samunsa a Chadi. Uban da ya ji an ce "eliminated" ya ɗauka "eradicated" ake nufi, zai iya daina kai 'ya'yansa allurar rigakafi, alhali cuta ba ta neman izini a bakin iyaka.

Haka kuma "subside", wato lafawa, ta sha bamban da "cure", wato warkewa. Mai tarin fuka yakan ji sauƙi bayan 'yan makonni da fara magani, amma maganin da aka saba bayarwa na wata 6 ne. Idan ya katse shi, ƙwayoyin da suka rage kan farfaɗo, wani lokaci ma su zama ba sa jin maganin.

Aiki ga ɗalibai

Zaɓi kalmar Turancin da ta dace da kowane ɗaya, sannan ka faɗi dalili: kwaɗon da ya shige cikin ƙasa da rani, yis ɗin burodi da aka ajiye a firiji, naman da aka gasa ya sauya kama, zazzaɓin cizon sauro a garin da aka raba gidajen sauro masu magani, masu kamuwa suka ragu. Malamai su nemi kowane ɗalibi ya fara amsa tambayoyin nan biyu da Hausa, me ya tsaya kuma ko zai dawo, kafin ya rubuta kalmar Turancin.