Darasi: Wace Shimfiɗa Ce Ta Dace da Ƙasan Ɗakin Kaji?

Ƙungiyoyi da yawa sukan kashe kuɗi wajen sayen 'yan tsaki, da abinci, da allurar rigakafi, amma su manta da ƙasan ɗakin da tsakin za su kwana. Alhali kuwa kaza ba ta da gado. Inda take tsayawa, nan take kwanciya, nan take kashi, nan kuma take tsattsaga. Idan shimfiɗar ta lalace, tsaki sukan fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, bashin da ƙungiya ta ci kuma yana nan yana jira. A wannan darasi za mu duba abin da ya kamata mu shimfiɗa, da abin da za mu guje masa, musamman a ƙasar Bagudo da garuruwan iyakar Benin.

Aikin shimfiɗa

Shimfiɗa mai kyau tana yin aiki huɗu. Tana shanye ruwan kashi. Tana raba kaza da sanyin ƙasa. Tana kare ƙafa da ƙirji daga gyambo. A ƙarshe kuma ta zama taki. Saboda haka abin da muke nema shi ne busasshen abu, marar nauyi, marar ƙura da yawa, marar guba, wanda kuma yake kusa da mu.

Abin da muke da shi

1. Ɓuntun shinkafa. Mu da muke bakin Kogin Kwara, daga Lolo da Illo har Bagudo, wannan ne ya fi mana sauƙi. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafar da ba a cashe ba ɓuntu ne, shi ya sa yake taruwa tuli a bayan injin casa. Ba ya dunƙulewa da wuri, ba ya ruɓewa da sauri. Amma kada mu kwashi na ƙasan tuli wanda ruwa ya daka. Mu ɗebi sabo, mu shanya shi a rana kafin mu shigar.

2. Sassaƙen katako, wato falle-fallen da ke fita sa'ad da kafinta yake goge katako. Yana shan ruwa sosai, yana da taushi. Mu tambayi kafinta ko an shafa wa katakon maganin gara, ko fenti, ko baƙin mai. In an shafa, mu bar masa abinsa.

3. Garin katako mai laushi. Manyan kaji za su iya zama a kansa, amma tsaki sukan ɗauke shi abinci, su cika ciki da shi, su rame. Wanda aka samu daga ɗanyen itace kuma yakan yi funfuna da wuri.

4. Ɓawon gyaɗa da totuwar masara da aka daddaka. Suna aiki idan sun bushe ƙarau. Idan sun taɓa jiƙewa, ko muka ga baƙi-baƙi ko kore-kore a jikinsu, a kai su ramin taki.

5. Yashi. Yana da sanyi, ya dace da bazara. A lokacin hunturu kuwa yakan zuƙe ɗumin jikin tsaki. Kada mu sa wa ƙanana.

6. Ciyawa da karan shinkafa. Sai an yayyanka su gajeru. Dogaye sukan manne da kashi su zama kamar tabarma, ruwa kuma ya kwanta a ƙasa.

Maƙwabtanmu na wajen Segbana da Kandi manoman auduga ne, auduga kuwa tana shan feshi da yawa. Don haka kada mu shimfiɗa ragowar gonar auduga, kada kuma mu ɗebo ɓuntu a cikin buhun da aka taɓa ajiye maganin ƙwari ko takin zamani.

Cututtuka uku da ke fitowa daga shimfiɗa

Na farko, funfuna. Ƙurarta ba ta ganuwa, amma idan ɗan tsako ya shaƙe ta, takan tsiro a cikin huhunsa. Sai mu gan shi ya miƙa wuya, ya buɗe baki yana neman iska. Wanda ya kamu da wuya ya tashi. Akwai kuma wata funfunar da ke zuba guba a cikin gyaɗa da masara. A shekarar 1960, talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda ƙulin gyaɗa mai irin wannan guba da aka haɗa musu a abinci. Kaza kuwa kullum tana tsattsagar abin da ke ƙarƙashin ƙafarta.

Na biyu, gudawa mai jini. Ƙwayoyin wannan ciwo suna fita ta cikin kashi. A busasshen wuri ba su da ƙarfi sosai. Idan suka sami danshi da ɗumi, cikin kwana 1 ko 2 sun nuna, sun isa su kama wata kaza. Ciwon ya fi kama tsaki masu mako 3 zuwa 6. Za mu ga sun takure, fikafikai sun sauka, kashi da jini. A kira malamin dabbobi nan da nan, a kuma kwashe jiƙaƙƙen wurin, gama magani kaɗai ba zai isa ba.

Na uku, warin kashi mai yaji da ake kira amoniya. Yana ƙona ido da maƙogwaro, ya buɗe wa mura hanya. Mu durƙusa, mu kai hancinmu daidai tsayin kan kaza. In idonmu ya yi yaji, to kaji sun daɗe suna shan wahala.

Yadda za mu shimfiɗa

A share ɗaki, a wanke, a bar shi ya sha iska mako 2 kafin sababbin tsaki su shigo. Daɓen ya fi ƙasan waje tudu da kamar taƙi ɗaya. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, ta isa ta koya mana kada mu gina ɗakin kaji a kwari.

Kaurin shimfiɗa ya zama inci 2 zuwa 3 domin tsaki, inci 4 zuwa 6 domin manya. A kwana 3 ko 4 na farko mu rufe ta da buhun algarara mai tsabta, har tsaki su gane abincinsu. Kada mu sa leda ko takarda mai santsi, gama ƙafafunsu za su tale, wanda ya tale kuma ba ya kai kansa wurin ruwa.

Kada mu cunkusa. Ɗaki mai ƙafa 10 tsawo da ƙafa 10 faɗi zai ɗauki manyan kaji 30 zuwa 35. In sun fi haka, babu shimfiɗar da za ta bushe.

Gwajin hannu

Kowace safiya mai kula da kaji ya damƙi shimfiɗa ya matse, sa'an nan ya buɗe hannu. In ta dunƙule kamar fura, ta jiƙe: a kwashe, a ƙara sabuwa, a buɗe tagogi. In ta zube nan take tana ƙura, ta bushe da yawa, kamar yadda takan yi da hunturu: a yayyafa ruwa kaɗan. In ta ɗan kama sa'an nan ta wargaje, daidai ke nan. A riƙa juya ta da manjagara sau 2 ko 3 a mako. A ɗora mazubin ruwa a kan bulo, gama yawancin danshi daga nan yake farawa. Toka kuwa kada a gauraya ta da shimfiɗa, domin tana ƙara tayar da wari. A zuba ta a wani akwati dabam inda kaji za su yi birgima su kakkaɓe ƙwarƙwata.

Bayan an sayar da kaji

A kwashe tsohuwar shimfiɗa duka, a tara ta nesa da ɗaki, a jiƙa, a rufe, a riƙa juyawa har ta ruɓe kafin a kai gona. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka. Kada mu karɓi tsohuwar shimfiɗa daga gonar da ba mu sani ba. Tun 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Nijeriya, an san tana bin kashi, da buhu, da takalmi.

Masu kunkuru a gida

A wasu gidaje akan ajiye kunkuru. Shi mai tona rami ne, don haka ƙasar gona wadda ba a yi mata feshi ba ita ce shimfiɗarsa, da busasshiyar ciyawa a gefe ɗaya. Siminti yana goge masa ƙafa da ƙirji. Yashi zalla da garin katako sukan bi abinci su toshe masa hanji, don haka a sa masa ganye a kan faranti. Kada a haɗa shi ɗaki da kaji, yara kuma su wanke hannu bayan sun taɓa shi. Babban kunkurun daji ya yi ƙaranci ƙwarai. Wanda muka tarar a daji, mu bar shi a can.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Wace shimfiɗa muke amfani da ita yanzu, daga ina muke samo ta?
2. A cikin tsakin da muka rasa bara, nawa ne suka mutu da buɗe baki ko da kashin jini?
3. Ina za mu ajiye ɓuntu tun da rani domin ya kai mu ƙarshen damina a bushe?
4. Wa zai riƙa yin gwajin hannu, wa zai rubuta abin da aka gani?

Aikin wannan wata: kowace ƙungiya ta zaɓi mutum 2 su je wurin mai injin casa su daidaita da shi, a tara ɓuntu a rumbu ko ƙarƙashin rumfa kafin ruwan farko ya sauka. Rigakafi ya fi magani.