Yadda ake fitar da ruwa daga yashin kogin Watari

Kogin Watari ba ya ƙafewa da rani, nutsewa yake yi cikin yashinsa. An kammala madatsar ruwan da ke kusa da Bagwai a 1980, tana tare ruwan da ke gangarawa zuwa kogin Challawa, amma yashin da damina ta jibge a kan dutse yana riƙe da ruwa har bazara. Manomin gaɓa sai dai ya san inda zai soka bututu.

Sanin wurin shi ne rabin aikin. Inda kogi ya lanƙwasa, ruwa yana cin gefen waje ya bar gaɓa mai tsayi, ya zube yashi a gefen ciki, can ake nufa. A yi wa gindin bututun roba tsaga-tsaga da zarto, a tona ɗan rami don ruwan farawa, a tayar da inji ya riƙa tura ruwa ta mesa, bututu na shiga ƙasa. A nan ake gane gwani. Ba bututun yake kallo ba, hannu yake tarawa ga abin da ruwa ke amayowa, yana murzawa. In rairayi ne mai laushi, a ci gaba. In ya ji tsakuwa na kartar yatsa, an iso. In laka ta fara manne masa, an zarce, sai a ɗan ɗago. Mai gaggawar da ya tsaya a rairayi, ko ya faɗaɗa tsaga, injinsa yashi zai riƙa zuƙa, kafin albasa ta yi kai rijiyar ta toshe. Wannan ido gado ne daga masu jigo, waɗanda suka shayar da lambu da guga tun kafin hukumar aikin gona ta KNARDA ta yaɗa injin ban ruwa.

Wani zai ce ga kanal da ke kawo ruwa daga madatsar, me ya kawo wannan wahala? Kanal gonakin da aka tsara masa kaɗai yake kai wa, na nesa kuwa sai ya jira ranar da za a sako ruwa. Masu cewa yawan injuna na janye ruwan sun fi hujja, domin dutse na kusa, yashin ba zurfi gare shi ba. Maganin a bar tazara tsakanin rijiyoyi, a kuma hana masu tifa kwashe yashin da ke riƙe ruwan.