Masu Cewa Doka Ba Ta Hau Kansu Ba: Abin Yi da Abin Bari

A Amurka akwai wasu mutane da ake kira sovereign citizens, masu da'awar cewa kowane ɗayansu gwamnatin kansa ne. A wurinsu kotu ba ta da hurumi a kansu, haraji bai wajaba ba, bashin banki kuwa takarda ɗaya ta isa ta goge shi. Aƙidar ta tsiro ne daga Posse Comitatus, ƙungiyar masu fifita farar fata da William Potter Gale ya jagoranta a farkon shekarun 1970, daga baya ta tsallaka Kanada da Birtaniya da Ostireliya. Yau bidiyoyinsu na yawo a YouTube da TikTok, har suna isa wayar ɗan'uwanmu mai tuƙa tasi a New York wanda bashin katin banki ya sha wa kai. Da kai nake, ɗan'uwa.

Kada ka yarda da tatsuniyar asusun ɓoye. Za su ce maka tun 1933, da Amurka ta raba dala da zinare, gwamnati ta jinginar da 'yan ƙasa, ta buɗe wa kowa asusu a baitulmali da takardar haihuwarsa, kuma miliyoyi na kwance a ciki suna jiran wanda ya san kalmomin buɗewa. Batun zinaren ya faru a zamanin Shugaba Roosevelt. Sauran duk ƙirƙira ce, wadda wani Roger Elvick ya yaɗa, shi ma ya ƙare a kurkuku. A 2017 wani mutumin jihar Tennessee, Randall Beane, ya bi wannan koyarwar, ya yi amfani da lambar babban bankin ƙasar ya jawo sama da dala miliyan 30 daga wani banki, ya sayi ƙatuwar motar kwana ta kusan rabin miliyan. Kuɗin ba daga asusun kowa na ɓoye suka fito ba, na bankin ne. An ɗaure shi kusan shekara 13.

Kada ka biya ko sisi don halartar darasinsu. Ka tambayi malamin: wanda ke da mabuɗin baitulmali, me zai yi da kuɗin rajistarka? Winston Shrout, ɗaya daga cikin manyansu, ya yi shekaru yana sayar da irin wannan darasi, aka yanke masa shekara 10 a 2018 saboda takardun kuɗi na jabu.

Kada ka tsaya gaban alƙali kana cewa sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe ba kai ba ne, wani mutum-mutumi ne na takarda, shi ake bi bashi. Kada ka ce tuta mai geza ruwan zinare ta mayar da kotun ta jiragen ruwa. Kada ka dangwala yatsa da jan tawada, ko ka rubuta wata kalma a karkace a kan takardar kuɗin wuta kana zaton ka biya. Layar zana ce suke sayar maka, alhali kowa na ganinka. A 2012 Mai Shari'a John Rooke na lardin Alberta a Kanada, a shari'ar Meads da Meads, ya bi waɗannan dabarun ɗaya bayan ɗaya ya warware su, ya kuma nuna cewa masu cin riba su ne masu sayar da su. Ba kotun da ta taɓa yafe wa wani bashi da wannan hujjar.

Ka amsa sammaci. A nan ne yawancin mutane ke cutar kansu. Idan mai bin ka bashi ya kai ƙara, ka yi shiru ko ka aika da waɗancan takardun maimakon amsa ta gaskiya, kotu za ta yanke hukunci ba tare da jin ta bakinka ba. Daga nan sai a riƙe kuɗinka na banki, ko a riƙa yankar albashinka, wanda dokar tarayya ta yarda a kai har kashi 25 cikin ɗari. Mutumin da watakila yana da kariya ta gaske, kamar cewa bashin ya tsufa ya wuce wa'adin ƙara ko an kumbura lissafin, sai ya zubar da ita a kan shirme.

Ka yi amfani da haƙƙin da doka ta ba ka da gaske. Dokar karɓar bashi ta 1977 ta ba ka kwana 30 daga sanarwar farko ka rubuta wa kamfanin karɓar bashi cewa kana musu, su kawo shaida. Ka nemi banki a rage ko a rarraba biya, a rubuce. Ka je ofishin lauyoyin agaji idan ba ka da hali. In abin ya fi ƙarfinka, akwai kotun masu karayar arziki, a ƙarƙashin Babi na 7 ko Babi na 13 na dokar karayar arziki. Hanya ce mai ɗaci, tana ɓata suna a wurin bankuna na shekaru, amma halal ce a doka.

Ka sabunta lasisinka da lambar motarka. Zancen “tafiya nake yi, ba tuƙi ba” yana ƙarewa da fasa gilashi da ankwa, wani lokaci da jini. Ranar 20 ga Mayu 2010, 'yan sanda suka tsayar da Jerry Kane, mai yawon koyar da goge bashi, a West Memphis. Ɗansa mai shekara 16 ya harbe 'yan sanda biyu, kafin rana ta faɗi uban da ɗan su ma an kashe su.

Ka shigar da takardun harajinka. Hukumar haraji na cin tarar dala 5,000 a kan takardar da aka cika da irin waɗannan hujjoji. Ɗan wasan fim Wesley Snipes, da sunansa da lauyoyinsa, an yanke masa shekara 3 a 2008 saboda ƙin shigar da takardun haraji.

Kada ka rama da yi wa alƙali ko ma'aikacin tarayya rajistar bashin ƙarya a kan gidansa. Hukuncinsa na kai shekara 10.

Kada jar dara da sallama su ruɗe ka. Akwai reshen da ke kiran kansu Moors, suna ƙara “Bey” ko “El” a sunayensu, suna cewa yarjejeniyar Moroko da Amurka ta 1786 ta cire su daga ƙarƙashin doka. Wani zai zo maka ta ƙofar riba, ya ce ai kuɗin ruwa haramun ne. Haramun ne, amma wannan dalilin ƙin ɗaukar bashin ne tun farko. Ba ya halatta maka hana uwar kuɗin da ka karɓa ka ci, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Idan kuma katin zama kake riƙe da shi, ka ninka tsoronka. Waɗancan 'yan ƙasa ne, in sun gama zaman kurkuku gida za su koma. Kai kuwa, laifin zamba da asararsa ta haura dala 10,000 ya isa a tasa ƙeyarka daga ƙasar. Kafin ka sa hannu a kowace takarda da aka ce za ta goge maka bashi, ka kai wa lauya mai lasisi ya duba.