Maganin Amai Ya Murɗe Wuyan Ɗiyata

Wata uwa ta rubuto cewa an bai wa ɗiyarta mai shekara 14 metoclopramide saboda amai. Washegari wuyanta ya karkace, idanunta suka kafe sama, harshe ya yi waje. Maƙwabta suka ce iskoki ne.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Wannan sananniyar illar maganin ce. Yana tare aikin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, shi ya sa amai ke tsayawa, amma dofamin ɗin ne kuma ke daidaita motsin jijiyoyi. Yara da 'yan mata sun fi fuskantar haka.

Ki dakatar da maganin, ki kai ta asibiti yau, ki tafi da kwalin. Akwai allurar da ke sassauta jikin cikin mintuna. A 2013 hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita shansa zuwa kwana 5.

Haloperidol da chlorpromazine na masu taɓin hankali ma haka suke aiki, sai dai su kada a yanke su kwatsam ba da sanin likita ba. Idan zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sandarewar jiki da ruɗewa ga mai shan ɗaya daga cikin magungunan nan, a garzaya asibiti nan take.