Filin Shawarwari: Ladan Rubutu Daban, Kuɗin Bugawa Daban

Mai wannan wasiƙa matashi ne mazaunin Barnawa, a kudancin birnin Kaduna, wanda yake cin abinci da alƙalaminsa ba tare da yana ƙarƙashin wani kamfani ba, kuma yawancin aikinsa rubuta sanarwar manema labarai ne ga masu makarantu da gidajen burodi da ƙananan masana'antu daga Kakuri zuwa Sabon Tasha. Wani mai makaranta ya ba shi aikin sanarwar buɗe sabon reshe, ya rubuta, ya gyara har mai aikin ya gamsu, ya tura wa 'yan jarida, amma da ya nemi cikon kuɗinsa sai aka ce ba a ga komai a jarida ba, kuma wai shafi ɗaya ne da kowa zai iya rubutawa. Wannan magana ta shafi ɗaya ta fi kuɗin ci masa rai, domin ya hana idonsa barci a kan shafin, ga shi wanda ya faɗe ta abokin mahaifinsa ne, ba shi da bakin mayar masa da magana. Yana roƙon Malam mai wannan fili ya faɗa masa nawa ya kamata ya riƙa karɓa, don kada a sake ce wa aikinsa shafi ɗaya.

Amsa

Mai wasiƙar ya maimaita zancen shafi ɗaya, amma bai faɗi ko an rubuta yarjejeniya ba, bai faɗi waɗanne 'yan jarida ya tura wa sanarwar ba, kuma ya yi shiru a kan abin da ya fi komai muhimmanci, wato alƙawarin da ya ɗauka ranar da ya karɓi kafin alƙalami. Wannan shiru yana nuna cewa ya bar dattijon ya fahimci za a buga, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka tambayar da ta kamata ya yi ita ce mene ne ainihin abin da yake sayarwa.

Sanarwar manema labarai takarda ce da ake aika wa kafafen yaɗa labarai ɗauke da bayanin wani abu da ya faru ko zai faru, kuma edita yana da ikon ɗauka, ko taƙaitawa, ko jefarwa, ba tare da ya ba kowa haƙuri ba. Haka take tun 1906, lokacin da Ivy Lee ya fitar da bayanin haɗarin jirgin ƙasa a madadin kamfanin jiragen Pennsylvania a Amurka. Talla kuwa fili ne da ake saya a shafin jarida ko a cikin shirin rediyo bisa farashin da gidan ya yanka, kuma ita kaɗai ce ake iya lamuncewa za ta fito. Marubucin da ya haɗa biyun a kuɗi ɗaya ya sayar da abin da ba a hannunsa yake ba.

Ladan rubutu ana auna shi da wahalar aikin, wato zama da mai sanarwar, da tantance sunaye da ranaku, da yawan gyaran da aka amince da shi, da kuma ko za a yi ta da Hausa da Turanci, domin kudancin kogin Kaduna yanki ne da harsunan biyu suke tafiya tare, kuma kowane rubutu aiki ne mai zaman kansa. Kuɗin rarrabawa daban ne, kuma abin da marubuci zai lamunce a nan shi ne turawa da bibiya da nuna shaidar an tura. Idan mai aikin yana son tabbacin fitowa, sai ya biya gidan jaridar da kansa ya karɓi rasit. A rubuta duk wannan ko da a saƙon WhatsApp ne, a karɓi rabin kuɗi kafin a fara.

Dangane da inda ake turawa, iyayen yaran unguwannin Narayi da Television da Unguwar Romi ba sa jiran jaridun Legas kafin su zaɓi makaranta. Rediyo ya fi kai musu, kuma Kaduna tana da Rediyon Tarayya da KSMC da Liberty da Freedom, ga ofishin Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya, NAN, wanda labarinsa guda kafafe da dama suke ɗauka. Sai dai buɗe reshen makaranta ba labari ba ne a idon edita. A yankin da masaƙunsa suka durƙushe, har da Kaduna Textiles ta Kakuri da ta fara aiki a 1957, abin da yake jan hankali shi ne yawan mutanen da za a ɗauka aiki, kuma da shi ya kamata sanarwar ta fara.

Abin da wannan fili ba zai taɓa goyon baya ba shi ne marubuci ya zama ɗan aiken ambulan, wato kuɗin da ake cusa wa 'yan jarida da sunan kuɗin mota don su buga labari. Ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana nema ko karɓar irin wannan, kuma matashin da aka san shi da ɗaukar ambulan, editoci za su daina karanta rubutunsa su koma duba hannunsa.

Game da cikon kuɗin, mai wasiƙar ya samu dattijon a gida cikin ladabi, ya nuna masa shaidar turawa, ya nemi ladan rubutunsa kaɗai, ya yafe na rarrabawa a wannan karon tunda shi ne bai fayyace sharaɗi ba tun farko.