Darasi na 14: Hoton Tsohon Soja

A gidaje da yawa na ƙasarmu akwai wani tsohon hoto a ƙasan adaka, ko a jikin bangon zaure. Hoton wani saurayi ne da kayan soja. Idan aka tambaya, sai a ce, ai kakanmu ne, ya je Yaƙin Bama. Daga nan magana ta ƙare. Ba wanda ya san ƙungiyar da ya ke ciki, ba wanda ya san inda ya yi yaƙi. Mazan jiyan da suka sani kuwa kusan duk sun riga mu gidan gaskiya.

To, shi hoton nan yana da abin da zai faɗa mana, in mun iya dubawa. Mu fito da shi waje cikin haske. Mu riƙe shi ta gefe, kada mu sa masa ruwa ko manja.

Mu fara da hula. Idan jar dara ce, da 'yar riga gajera mai ado a kan kaki, da ɗamara a gindi, waɗannan kayan fareti ne na Rundunar Afirka ta Yamma. Idan kuwa malafa ce mai faɗin baki, an naɗe gefe ɗaya sama, kayan daji ne, irin na zamanin Yaƙin Hitila, watau 1939 zuwa 1945.

Lambar wannan runduna itacen kwakwa ne, a ƙarƙashinsa an rubuta haruffa. Mu karanta su ɗaya ɗaya: R.W.A.F.F. Wannan R ta farko tana da amfani. A shekarar 1928 aka ƙara ta, sa'ad da Sarkin Ingila ya girmama rundunar. In lambar ba ta da R, tsohuwa ce, ta kafin 1928. A shekarar 1960 rundunar ta watse, kowace ƙasa ta riƙe sojanta.

Amma itacen kwakwa bai isa ba, don ƙasa huɗu ne suka yi tarayya a kansa: Nijeriya, da Gwalkwas wadda ta zama Ghana a 1957, da Saliyo, da Gambiya. Hausawa da yawa sun shiga soja a Gwalkwas. Har taken rundunar Gwalkwas ma da Hausa ya ke, Kullum Shiri. Saboda haka mutum yana iya zama Bakano, amma ya yi sojansa a Kumasi.

Akwai kuma 'yan'uwanmu na Zinder da Maraɗi da Tawa. Su sojan Faransa suka yi. Su ma jar hula su ke sawa, amma alamarsu ƙugiyar ƙarfe ce irin wadda a ke tsai da jirgin ruwa da ita. Mai ƙugiya ba na Ingila ba ne.

Yanzu mu dubi hannun riga, can sama kusa da kafaɗa. Nan ne babban aiki. Manyan ƙungiyoyi biyu suka tafi Bama daga Afirka ta Yamma, duk a 1943 aka kafa su. Ana kiransu da lamba, 81 da 82.

Ƙungiya ta 81 alamarta baƙin gizo-gizo ne a kan rawayan ƙyalle, kansa yana duban ƙasa. Daga tatsuniyar Asante aka ɗauko shi, inda su ke da nasu Gizo mai wayo kamar namu. Waɗannan su suka fara isa Indiya a 1943, suka yi yaƙi da Japan a kwarin kogin Kaladan a 1944. Bataliya ta 4 ta Nijeriya tana cikinsu. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 su ma na 81 ne, amma an ware su aka haɗa su da mayaƙan da a ke kira Chindit, waɗanda a ke kai su da jirgin sama bayan abokan gaba. Shi ya sa barikin soja na Zariya ya ke da wannan suna.

Ƙungiya ta 82 alamarta māsu biyu ne a gicciye, da gammo a tsakani. I, gammo dai, irin wanda matanmu ke ɗora tulu a kai. Ba don raha aka sa shi ba. Dazuzzukan Arakan ba hanyar mota, da ka aka ɗauki harsashi da abinci a kan duwatsu. Mu a ganinmu, 'yan alaron nan ba su kasa masu bindiga wahala ba. Bataliyoyin Nijeriya na cikin 82 su ne ta 1, da ta 2, da ta 3, da ta 5, da ta 9, da ta 10. A watan Janairu 1945 ƙungiyoyin biyu suka haɗu a garin Myohaung, aka ci shi.

Kun ga, alamar kafaɗa ba ta nuna bataliya ɗaya tak, amma ta rage mana nema ƙwarai. Mu tuna kuma akwai direbobi, da 'yan igwa, da ma'aikatan asibiti, su ma suna sa gizo-gizo ko gammo.

Igiya a hannu muƙami ta ke nunawa. Biyu kofur, uku saje.

Lambobin girma na ƙirji suna da wuyar ganewa, don tsohon hoto ba launi. Tauraron Bama da Tauraron Afirka duk tsini shida gare su. Na Afirka an ba waɗanda suka yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha, inda sojan Nijeriya suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu 1941. In lambar kanta tana gida, mu ɗauko ta mu karanta rubutun da ke fuskarta. In ta yaƙin 1914 zuwa 1918 ce, mu dubi bakinta. Akwai sunan mai ita, da lambarsa, da ƙungiyarsa.

Sa'an nan mu juya bayan hoton, mu nemi takardar sallama in tana nan. Kowane soja yana da lambarsa ta aiki. A Yaƙin Hitila, ta Nijeriya tana farawa da N.A., ta Gwalkwas da G.C. Wannan lamba ta fi suna ƙarfi, don magatakardan bariki sau da yawa sunan mutum da na garinsa kawai su ke rubutawa. Audu Kano nawa ne a bataliya guda? Ga wanda nasa bai komo ba, da lambar nan a ke nemansa a littattafan hukumar da ke kula da kaburburan sojan Ingila da ƙasashen da ta mallaka. A maƙabartar Taukkyan, kusa da Rangun a ƙasar Bama, wadda yanzu a ke kira Myanmar, akwai ginshiƙan dutse masu sunayen sojoji kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba. Namu suna ciki.

Aikin aji: ranar Litinin, duk mai irin wannan hoto a gidansu ya roƙi mai gida ya ba shi aro, ya naɗo shi cikin ƙyalle mai tsabta. Za mu rubuta a takarda dabam sunan sojan, da sunan mahaifinsa, da garinsu, da alamar kafaɗarsa, da lambarsa. Kada kowa ya yi rubutu da tawada a jikin hoton.