Yadda Muka Karɓo Kuɗinmu Daga Banki

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalamina shi ne in bayyana muku wani darasi da na gwada da hannuna a lokacin dogon hutu.

Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne. Ya daɗe yana kukan cewa kuɗinsa na banki suna raguwa kaɗan-kaɗan, kamar buhun da ɓera ya huda. Da lokacin biyan kuɗin jarrabawata ya matso, sai abin ya ci masa tuwo a ƙwarya, ya tafi banki ya yi ta faɗa. Akawu ya ce masa, "Alhaji, ina shaidarka?" Haka ya komo gida ba tare da ko kwabo ba.

Nan ne na tuna da abin da malaminmu na kasuwanci ya koya mana. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya. Sashi na 34 ya ba kowane mutum ikon ya tambayi duk wata ma'aikata abin da ta ajiye game da shi, a ba shi kwafi, in kuma akwai kuskure a gyara. Wanda aka hana shi yana iya kai kuka ga Hukumar Kare Bayanai. Watau shaidar da akawu yake nema tana cikin aljihun tebur ɗin bankin, kuma tilas su fito da ita.

Na ce, "Baba, bari mu rubuta wasiƙa." Ya yi dariya, amma ya yarda. Muka rubuta wa manaja, muka sa suna da lambar asusu, muka nemi takardar shige da ficen kuɗi ta shekara uku da kuma fom ɗin da ya cike ran da ya buɗe asusun. Muka yi kwafi biyu, aka buga mana hatimi a kan ɗaya muka riƙe. Kada wanda ya raina hatimin nan, domin maganar baki iska ce.

Amma fa samun takarda kaɗai ba ya mai da kuɗi. Mutanen Ingila sun bi irin wannan hanya da dokarsu ta 1998, suna biyan fam 10 a ba su bayanansu cikin kwana 40, duk da haka a 2009 Kotun Ƙolinsu ta ba bankuna gaskiya a shari'ar kuɗin da ake yanka wa masu cin bashi. Sai mutum ya nuna ƙa'idar da aka karya.

Tamu ƙa'idar tana cikin jagoran da Babban Bankin Nijeriya ya fitar, wanda ya fara aiki ran 1 ga Janairu, 2020. Ya ƙayyade kuɗin kula da asusu, kada ya wuce Naira 1 cikin kowace Naira 1,000 da aka fitar, kuma a kan asusun yau da kullum kaɗai, ban da asusun ajiya. To, fom ɗin Baba ya nuna asusun ajiya ya buɗe, alhali kuwa a kwamfutarsu an rubuta na yau da kullum. Dare biyu na yi da jan biro ina bin layi-layi ina tarawa, lissafin da ban taɓa yi wa malamin lissafi da irin wannan himma ba.

Muka sake rubutawa, muka nemi a gyara kuskuren a mayar da kuɗin, muka kuma ambata cewa in ba a yi ba za mu kai maganar Sashen Kare Haƙƙin Abokan Ciniki na Babban Banki. Shi wannan sashe ba ya sauraron mutum sai ya fara kai kukansa ga bankinsa tukuna.

Ba mu kai can ba. Ana saura kwana huɗu mu komo makaranta saƙo ya shigo wayar Baba, ya miƙo mini ya ce in karanta masa da ƙarfi.